Takin Mama da Awakin Inna

Mahaifiyata ba ta yarda da abin da ba ta ga farkonsa ba. Ka miƙa mata tumatirin kasuwa, sai ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta tambaye ka me aka zuba masa har ya yi wannan ƙyalli. Tun da ta bar aikin girki a asibiti ta mai da bayan gidanmu lambu, ta rantse ba za ta ƙara cin abin da aka yi wa feshi ba. Gishiri da mai da sabulu kaɗai ke kai ta kasuwa, su ma tana tafe tana mita.

Ni tela ce. Keken ɗinkina yana ɗakin bakin ƙofa, taga ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon lambu. Don haka abin da zan faɗa ko dai idona ya gani, ko masu kawo ɗinki sun kawo mini har gida, domin matan layinmu ba sa zuwa da yadi kaɗai.

A ƙarshen lambun, jikin katanga, akwai tulin takin Mama. Kada ka kuskura ka ce masa bola a gabanta. Hawa-hawa take jera shi: busasshen ganye da karan masara a ƙasa, sai ɓawon kayan miya da na ƙwai, sai kashin awaki, sai toka kaɗan, ta yayyafa ruwa, ta rufe da tsofaffin buhuna. Akwai wani guntun rodi da take sokawa a tsakiyar tulin, ta bar shi jim kaɗan, ta zaro ta dafa da tafin hannu. In ƙarfen ya yi zafi, ranar kowa a gidan zai ga haƙorinta. Dokarta ɗaya ce, kuma har kajin gidan sun san ta: babu abin da zai shiga tulin nan sai ta gan shi da idonta.

Abu ɗaya ne ke zuwa daga waje, kashin awaki, shi ma daga gidan Inna. Inna ƙanwar Mama ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce autarsu, har yau kuma Auta Mama ke kiranta ko da yake furfura ta fito mata. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, da wata 'yar ƙofa ta langa-langa a tsakani. Tun da mijinta ya rasu awakin nan ne abincinta. Da safe ta tatse su, ta zuba nonon a kwalabe, ta bi gidajen layin. Ta dawo ta share turke, ta miƙo wa Mama bokitin kashi ta ƙofar, Mama ta miƙa mata ganyen wake da ɓawo. Haka na taso na gan su, ban taɓa jin ɗaya ta yi wa ɗaya godiya ba, don ba su ɗauke shi abin godiya ba.

Baba kuwa gadi yake yi a filin wasan wata makaranta. Mutum ne da in ya ce maka sannu da safe, ya gama hirar yini. Bara, da ciwon baya ya kama Mama, dole ta bar masa juya tulin, aikin da ba ta taɓa ba kowa ba. Da farko kujera take kafawa tana ba da umarni, daga baya zaman ma ya gagare ta. Lokacin sanyi ne, tulin ya ƙi ɗaukar zafi, kullum rodi ya fito kamar an tsamo shi daga randa.

"Malam, hannunka ne," take ce masa. "Kai ko wuta ka dafa sai ta huce."

Baba dai ya ci gaba da juyawa. Can sai ga tulin ya kama. Da safe in aka ɗaga buhu har tururi yake yi. Takin da ya fito baƙi wuluk, laushi kamar gari, ƙanshin ƙasar farkon damina. Mama ba ta iya riƙe farin ciki ba. Duk macen da ke da ɗan fili a layin sai da ta samu bokiti: matar direba, matar mai shago, mai kitso. Tana zubawa tana huɗuba a kan takin zamani da yadda yake kashe ƙasa. Wannan karon har Baba ya samu yabo, ta ce ashe hannun nasa yana da amfani.

Ana shiga damina, tumatirin ya fara abin mamaki. Sabon ganyen da ke fitowa ba ya buɗewa, sai ya dunƙule kamar hannun jariri, kan ya murɗe. Wake ma haka, barkono ma haka. Ba tsutsa, ba ƙwaro, ba rawaya. Masara ce kaɗai ta tsaya kore shar kamar ba a gidan take ba.

Mama ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta fara da mai sayar da iri, sai ta tuna irin nata ne, ita ta adana shi a kwalba. Ta koma kan ruwan famfo, ta ce sun ƙara masa magani. Ta koma kan maƙwabcinmu na hagu da ke fesa maganin sauro a kwatarsa, ta yini tana lura da inda iska ke kaɗawa. Har ni sai da aka tambaye ni inda nake zubar da ruwan da nake jiƙa sabon yadi. Na ce mata a kwata, kamar kullum. Ta dube ni irin duban da ake yi wa wanda aka ba aron abu ya dawo da shi da tabo.

Gidan ya koma wani iri. Kowa ya bi ta kusa da lambu sai ya ji ido a bayansa.

Ranar da abin ya lalace, matar direba ce ta shigo, mai kitso na biye da ita, kowacce riƙe da reshen barkono. Ba su ko zauna ba.

"Mama, duba nan," in ji matar direba. "Shekara nawa ina shuka barkono a bayan ɗakina, ban taɓa ganin haka ba sai da na zuba takinki."

"Nawa ma haka," in ji mai kitso. "Wanda ban zuba wa ba lafiyarsa ƙalau. Mu dai a gaya mana me ke ciki. In takin zamani kika haɗa ya yi yawa, ai ba abin kunya ba ne."

Takin zamani! Da sun zage ta da ya fi mata sauƙi. Matar da ta yi shekaru tana yi wa layi wa'azi, yau ita ake tuhuma a tsakar gidanta. Ina tsaye a ƙofar ɗakin ɗinki, na san bakinta, na san ba zai tsaya ba, kuma bai tsaya ba.

"Ni abin da ke cikin tulina na san shi ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Abu ɗaya ne ban ga farkonsa ba. Ku je ku tambayi mai awaki me take ba awakinta. Na ga buhun abincin kanti a ɗakinta, da rubutu a jiki. Abin da ya shiga cikin akuya ai dole ya fito."

Mai kitso ta dafe ƙirji. "To in yana fita ta kashi, nonon fa? Yarana kullum shi suke sha."

Mama ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta ɗaga kafaɗa kawai. Magana zarar bunu ce, kafin la'asar ta gama layin, ta tsallaka na baya.

Da yamma Inna ta turo ƙofar langa-langa. Ba ta zo da bokiti ba.

"Yaya, me na ji kin ce?"

"Abin da kika ji."

"Dusa ce a buhun nan. Dusa, Yaya. Buhun ne kawai na kanti, a wurin mai niƙa na saye shi."

"Ke kika ga farkon dusar?"

"To zo ki ga wakena. Bayan turke yake, kashin awakin nan kaɗai yake ci. Zo ki duba ganye ɗaya da ya naɗe."

"Wa ya san wanda kike zuba wa naki, wa ya san wanda kike miƙo mini?"

Ni kaina sai da na ji kunyar maganar. Inna ta juya ta koma, Mama ta bi bayanta ta saka sakata. Baba yana zaune a kan tabarma yana gyaran fitilar kekensa, bai ɗaga kai ba.

Daga nan ta tagar titi na riƙa ganin sauran. Inna ta fita da kwandon kwalabe, ta dawo da shi kamar yadda ta fita. Matar mai shago, wadda da har aike take yi a ajiye mata biyu, yanzu ta labule take cewa sun ƙoshi. Masu kawo mini ɗinki kuwa kowacce da ƙarinta. Wata ta ce ɗanta ya yi gudawa watan jiya, ashe dalili ke nan. Wata ta ce dama ta lura idon awakin ya yi ja. Awakin da suka shekara suna wucewa ta gabansu ba wadda ta taɓa duba idonsu! Raina ya ɓaci har na ɗinke wa wata hannun riga a baibai, ban kuma ba ta haƙuri ba.

Na zagaya ta titi na shiga gidan Inna. Waken nata yana nan bayan turke, ya hau kara, ganye fala-fala. Ita kuma tana zaune da ƙwaryar nono a gabanta, ta rasa yadda za ta yi da shi.

"Inna, ki ƙara haƙuri. Zan shawo kanta."

"Ke dai je ki, 'yata. Dusar da ta rage ba za ta kai ƙarshen wata ba, kuma akuya ba ta san haƙuri ba."

Na dawo na sami Mama. Na san in na ce mata ta yi kuskure, na rufe ƙofar da kaina. Sai na bi ta inda take so.

"Mama, mutane fa suna cewa ba ki da hujja. Me zai hana ki nuna musu? A samo gwangwani uku. Ɗaya ƙasa zalla, ɗaya ƙasa da kashin awakin Inna, ɗaya ƙasa da takinki. A shuka wake a kowanne. Gani ya kori ji."

Ta dube ni ta gefen ido. "Ita ta aiko ki?"

"Wallahi ba ta san ma na yi tunanin ba."

Ta yarda, amma da sharuɗɗanta. Ƙasar daga bakin titi za a ɗebo, inda taki bai taɓa zuwa ba. Kashin kuwa ba Inna za ta zaɓa ba. Sai da Mama ta hau turmi ta leƙa ta kan katanga, tana nuna mini da yatsa inda zan kwasa, ƙarƙashin wata jar akuya, wanda ya faɗo yanzu. Ta karɓi zare a wurina ta ɗaure kowane gwangwani da kalarsa: fari na ƙasa, ja na awaki, baƙi na takinta. Ta jera su a tagar ɗakinta, inda ba mai shiga sai ita da Baba. In za ta fita, kulle ɗakin take yi ta ɗaure makullin a bakin zani.

A kwanakin jiran nan ne na fara lura da Baba. Mutumin da ba ya barin loma a kwano ya koma tsakurar abinci. In ya dawo daga aiki ba ya shiga ɗaki sai Mama ta kira shi, kuma in ya shiga, bayansa yake ba tagar. Rannan ina shara na ce, "Ikon Allah, masarar nan ita ko a jikinta," sai buta ta suɓuce daga hannunsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na tsaya da tsintsiya ina kallonsa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Ya ɗauki butar ya yi waje, ruwan ma bai sake ɗiba ba.

Zuciyata ta ba ni wani abu, amma ban san me zan kama ba. Mutum ba ya tuhumar ubansa a kan faɗuwar buta.

Waken ya tsiro duka uku. Ganyen farko bai nuna komai ba, Mama ta riƙa cewa a jira. Da ganye na biyu ya fito, ba sai an kira kowa ya fassara ba. Mai farin zare lafiya. Mai jan zare, na awakin Inna, ya fi kowanne kyau, ganye a buɗe, kara da kauri. Mai baƙin zare ya dunƙule, kansa ya murɗe kamar na lambu.

Mama ta fito da su tsakar gida ta jera a ƙasa, a hasken hantsi. Ta daɗe a tsugune.

"An sauya zaren," ta ce.

"Mama, ɗaurinki ne. Dubi ƙullin. Makulli kuma yana zaninki."

Ta taɓa ƙullin, ta san nata ne. Sai ta fara lissafi da yatsu, a hankali, kamar mai karanta wa kanta hukunci. Ganyen bishiyar gidan nan. Karan masararta. Ɓawon abin da ta shuka. Ƙwan kajinta. Tokar murhunta. Kashin awaki, ga shi an wanke shi daga zargi. Yatsun suka ƙare ba ta sami ɓarawo ba.

"To me ya rage? Me ke cikin tulin nan da ban gani ba?"

Baba yana bakin ƙofa riƙe da kekensa, zai tafi aiki. Ya jingine keken a bango.

"Ciyawa," ya ce.

Muka juya gaba ɗaya.

"Ciyawar filin wasa. In sun yanke da inji tarawa suke yi a ƙone. Da tulin ya ƙi zafi, kina ta faɗa, na tuna kin taɓa cewa ɗanyen ganye ne ke tayar da shi. Na riƙa ɗauro buhu a keke, in na zo juyawa na sa a tsakiya na rufe. Kuma ya yi zafin. Kin ji daɗi."

"Ciyawa ba ta kashe wake, Malam."

"Suna yi wa filin feshi. Wani magani ne da ke kashe duk mai faɗin ganye ya bar ciyawa. Na ɗauka in ta ruɓe shi ke nan, ya mutu. Ashe ba ya mutuwa."

Mama ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu saboda bayanta. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi ihunta ban tsoro.

"Tun yaushe ka sani?"

Baba ya dubi ƙasa. "Tun da na ga komai ya naɗe, masara ta tsaya. Masara ai dangin ciyawa ce."

"Kafin matan nan su zo ke nan."

"Kafin su zo."

"Kana zaune a kan tabarmar nan na saka wa Auta sakata."

"Ina zaune."

Ina son mahaifina, amma a ranar na ji haushinsa har wuya. Tsoron bakin Mama ya sa ya bar matar da ba ta da kowa ta ɗauki kayansa. Na kuma ji haushin Mama, wadda ta yi bakin da mijinta ya gwammace ya ga an zalunci wani da ya faɗa mata gaskiya. Na jira ta fashe. Ba ta fashe ba. Ta dube shi kawai, ta sunkuya ta ɗauki gwangwani mai jan zare ta rungume a ƙirji.

"Zo mu je," ta ce mini.

Sakatar ta yi tsatsa, sai da na sa dutse. Muka shiga gidan Inna, Mama a gaba.

Shirun ne ya fara dukana. Gidan da tun daga ƙofa kake jin kuka da ƙarar kofato, yau ba motsi. Turakun suna nan a kafe, igiyoyin an naɗe su an rataye a ƙusa. An share wurin tas, har sawun tsintsiya ana gani. Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana wanke kwalabe, tana kifewa a kan tire.

"Auta, ina awakin?"

"Sun tafi jiya."

"Suka tafi ina?"

"Dusa ta ƙare, ba mai sayen nono. Na kira dillali, ya ce labari ya riga shi kasuwa, ba mai kiwon da zai taɓa su. Wani mahauci ne daga nesa ya kwashe." Ta kife wata kwalbar. "Har jar, da cikinta."

Mama ta matsa gaba, ta miƙa gwangwanin da hannu biyu, waken yana rawa a ciki.

"Auta, duba. Ba ke ba ce. Na gwada, naki ya fi kowanne kyau. Ba awakinki ba ne, daga gidana ne. Zan bi layin nan gida-gida in faɗa da bakina."

Inna ta dubi waken, ta dubi yayarta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba.

"Ai ni na sani, Yaya. Na gaya miki tun ranar, a bakin ƙofar can. Nono ɗaya muka sha da ke, amma sai da gwangwani ya faɗa miki kika yarda."

Ta jawo wata kwalbar ta ci gaba da wanki. Mama ta tsaya a tsakiyar turken da babu komai, gwangwani a hannu, ta duba dama ta duba hagu, ta rasa inda za ta ajiye shi.